Darasin Zuciya a Ɗakin Majigi

Sunan da ɗalibai suka laƙaba masa shi ne Malam Me-ya-sa, kuma sunan ya bi shi har ɗakin malamai, ya bi shi har gida. Ya daɗe yana koyar da ilimin halittu a makarantar sakandare guda, bai kuma taɓa karɓar amsa haka kawai ba. Ko daidai ka faɗa, sai ya karkatar da kai ya ce, “To, me ya sa?” Daga nan ya yi shiru yana kallonka, har sai ka tono dalilin ko ka amsa cewa haddacewa kawai ka yi.

A wani zangon karatu muryarsa ta fara dishewa. Ya ce mura ce. Matarsa ta ce ita ba ta taɓa ganin murar da ke tarewa a gida kamar ta biya haya ba, ta tisa shi gaba zuwa asibiti. Aka ga ƙari a maƙogwaro, aka yi aiki aka cire. Likita ya ce an taki sa'a, an kama abin da wuri. Amma muryar ba ta dawo ba. Abin da ya rage masa raɗa ce, wadda sai ka matso dab za ka ji, in ya ja ta da nisa kuma tari ya sarƙe shi. Likitan ya ƙara masa sharaɗi guda: ban da ƙurar alli.

Ranar da ya koma makaranta, Firinsifal ya ja shi ofis ya rufe ƙofa. Tare suka fara aikin nan suna samari, don haka maganar ta yi masa nauyi a baki.

“Malam, wallahi ba ture ka ake son yi ba. Ɗakin karatu na neman mai kula da shi. Wuri ne shiru, ba hayaniya, ba alli. Ka huta, ka yi mana aikin da jikinka zai ɗauka.”

Malam ya ciro wayarsa, ya daɗe yana dannawa da yatsa ɗaya, sannan ya juya masa fuskarta. Ya rubuta: “Akwai majigi a ɗakin kwamfuta. A ba ni aji ɗaya in gwada.”

“Ka taɓa amfani da majigin?”

Ya girgiza kai.

Firinsifal ya shafa ƙeyarsa. “To. Ranar Laraba, nan da mako biyu, 'yan aji biyar. Zan zo in zauna a baya. In ya yiwu, madalla. In bai yiwu ba, don Allah kada mu yi rigima, ni da kai mun wuce nan.”

Babbar 'yar Malam tana aiki a wani gari, a kamfanin da ke sayar da kayan asibiti, kusan kullum sai ta tsaya gaban mutane tana nuna musu bayani a allon bango. Sunan mahaifiyarsa ta ci, shi ya sa yake ce mata Mamana. Ranar Asabar da hantsi ta kira ta bidiyo. Matar Malam ta jingina wayar da gwangwanin sukari a kan teburin falo, ta ja kujerarta daga gaban keken ɗinkinta ta zauna kallo.

“Abba, ba sai ka sauke komai a kwamfutar ba. Buɗe burauza kawai, wurin shiga intanet, ka danna adireshin da na turo maka.”

Tsohuwar laftop ɗinsa ta yi ta nishi kafin shafin ya buɗe. Farin fili ne a tsakiya, da wasu ƙananan filaye jere a gefen hagu. Can sai ga wata 'yar alama mai ruwan hoda tana yawo a kan filin ita kaɗai. Malam ya janye hannunsa daga linzamin kwamfutar da sauri.

“Ni ce, Abba,” in ji ta tana dariya. “Muna cikin shafi ɗaya ni da kai. Duk abin da ka rubuta ina gani nan take, duk abin da na rubuta kana gani. Kowane fili sunansa silaid. Gwada rubuta wani abu.”

Ya danna inda ta nuna, ya rubuta da manyan baƙaƙe: “Kin karya kuwa?”

“Kin ji ko,” in ji uwarta. “An ba shi allo guda ya yi darasi, ya ɓuge da binciken cikinki.”

Darasin zagayawar jini ya zaɓa, wanda ya fi so a duk manhajar. A da da alli ja da shuɗi yake zana zuciya, yana zanawa yana tambaya. Yanzu ya sami hoton zuciya ya ɗora, ya sa wa ɗakunanta huɗu suna, ya jera kibiyoyi masu nuna inda jini ke shiga da inda yake fita. Da ya gama ya jingina baya ya ƙura wa abin ido, fuskarsa ba walwala. Ya rubuta a gefe: “Wannan ba darasi ba ne, takardar amsa ce. Yaro zai karanta ƙasa kafin in tambaye shi sama.”

“Ai shi na kira in nuna maka. Danna kibiyar farko. Yawwa. Yanzu duba sama, akwai wurin sa motsi.”

Wani dogon fili ya buɗe a gefen dama. Ta nuna masa yadda ake ɓoye kowane abu har sai lokacinsa ya yi. Akwai wanda ke jiran ka danna kafin ya fito, akwai wanda ke fitowa tare da na gabansa, akwai wanda ke biyo na gabansa da kansa. Ta nuna masa ɗan ma'aunin da ake ja don abu ya fito da sauri ko a hankali. Ta ce jerin da ke cikin filin nan shi ne jerin da abubuwa za su bi, na sama shi ne farko.

Ya gwada. Zuciya ta fito fayau ba kibiya ko ɗaya. Ya danna, shuɗiyar kibiya ta bayyana a bakin ɗakin sama na dama. Ya tsaya. Ya juya ya kalli matarsa, ya karkatar da kai, ya ɗaga gira.

“Ni kake tambaya? Daga nan ƙasa zai gangara mana, ina kuma zai je?”

Ya danna, kibiya ta biyu ta fito tana nuna ƙasa. Tun da aka sallamo shi daga asibiti, ran nan ne matarsa ta fara ganin haƙoransa a waje.

Daga nan abin ya shiga ransa fiye da kima. Ya gano cewa ba bayyana kawai abu ke yi ba. Yana iya shigowa a guje daga hagu, ya faɗo daga sama, ya kumbura daga ɗan ɗigo ya cika allo, ko ya yi juyi a wuri ɗaya. Ya kuma gano motsin da ake sa wa tsakanin silaid da silaid, inda shafi ke kifewa kamar ana juya akwati. Kullum in ya dawo daga makaranta sai ya zauna kansu har la'asar. Duk kalmar da a da zai ɗaga murya a kanta, yanzu sai ya sa ta kumbura. Inda zai buga allo da alli, sai ya sa abu ya faɗo daga sama.

“Malam,” in ji matarsa wata rana, allura a bakinta, “zuciyar nan da ke juyi kamar fanka, mai ita yana raye kuwa?”

Ya ɗaga mata hannu alamar ba ta gane ba.

'Yarsa ma ta faɗa masa, a hankali. “Abba, sun yi yawa. Ido zai bi motsin ya manta da darasin. Kuma kwamfutar makarantarku ba lalle ta iya ɗauka ba.” Ya rubuta mata cewa ya fi ta sanin yara, ya rufe zancen.

Ranar Litinin, saura kwana biyu gwajin, lokacin hutun cin abinci a ofis, 'yar ta buɗe shafin ta ga ba ya ciki. Ta zauna ta gyara. Ta cire juyi, ta cire faɗowa, ta mayar da komai yana bayyana a hankali. Da ta ga yawan dannawar da zai yi, sai ta tausaya masa, ta sa kibiyoyin su riƙa biyo juna da kansu, kowace da ɗan jinkiri a tsakani. Ta rufe tana jin ta sauke masa kaya.

Da yamma ya buɗe don ya gwada. Ya danna sau ɗaya, sai kibiyoyi suka kama fitowa ɗaya bayan ɗaya ba mai jiran sa, daga zuciya zuwa huhu, daga huhu zuwa zuciya, har suka ƙare yana zaune hannunsa a kan linzami. Ya sa matarsa ta kira 'yar.

“Taimaka maka na yi, Abba. Ka ga yanzu ya yi tsaf, ba sai ka wahala ba.”

Ya matso da bakinsa kusa da wayar. “Wa ya...” Tari ya tare shi. Ya sake gwadawa. “Wa ya ce...”

“Cewa yake wa ya sa ki,” in ji matarsa. “Amma ai Malam ita ma...”

Ya buga tafin hannunsa a kan tebur, gwangwanin sukari ya yi tsalle, wayar ta kife. Matar ta ɗaga ta ta sake jinginawa. Ya ja laftop gabansa ya rubuta a kan silaid na farko, inda duk su biyun ke gani:

“Kowa ya san abin da nake son faɗa. Likita ya sani, Firinsifal ya sani, mamanki ta sani, ke ma kin sani. Ni kaɗai ne ba a tambaya.”

Sannan ya laluba har ya gano wurin da ake ba mutane izini, ya sauke ta daga mai gyara zuwa mai kallo kawai. Ya kashe kiran.

Matarsa ta koma gaban kekenta. Ba ta taka ba, ta daɗe tana warware wani ɗinki da ba abin da ya same shi.

Washegari ya yini yana mayar da motsinsa ɗaya bayan ɗaya. Bai san akwai hanyar dawo da tsohon aikin gaba ɗaya ba, kuma wadda za ta faɗa masa ita ce ya kora. Abin da bai lura da shi ba, duk motsin da ya goge ya sake sawa yana komawa ƙasan jeri ne. Ya gwada silaid na farko da na biyu ya ga suna tafiya, gajiya ta kama shi, ya rufe.

Ɗakin kwamfuta yana ƙarshen baranda, da labule masu kauri da warin ƙurar kafet. An lulluɓe rabin kwamfutocin da yadi. Majigin na kan wani tebur a tsakiya, an tokare ƙafarsa ɗaya da tsohon ƙamus. Ranar Laraba malamar kwamfuta ta buɗe masa shafin a babbar kwamfutar gaba, ta miƙa masa linzami mai doguwar waya.

“Intanet ɗin yau sai a hankali, Malam. In ka danna ka ɗan jira shi.”

'Yan aji biyar suka shigo suna gaishe shi ƙasa-ƙasa, kamar masu shiga ɗakin mara lafiya. Firinsifal ya zauna a kujerar ƙarshe ya harɗe hannu. Malam ya kashe wayarsa ya sa a aljihu.

Kan darasin ya faɗo daga sama ya dira a tsakiyar allo. Wani ya yi 'yar dariya ya haɗiye. Zuciya ta shigo tana juyi, amma kwamfutar ta kasa ɗauka, sai ta riƙa juyawa tana cijewa, ta tsaya a kife na ɗan lokaci kafin ta miƙe. Dariya ta ɓarke a layin baya. Malam ya yi murmushi ya wuce.

A silaid na uku abin ya kwaɓe. Ya danna don tambaya ta fito, sai ga amsa da manyan baƙaƙe: “Don ya ɗauko iska daga huhu.” Yara suka kalli juna. Ya sake dannawa, sannan tambayar ta shigo a guje daga hagu: “Me ya sa jini ke fara zuwa huhu?”

“Don ya ɗauko iska daga huhu!” ajin ya amsa baki ɗaya, aka fashe da dariya har da masu buga tebur.

Ya danna don ya wuce, ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa, ya sake, ya sake. Can sai kwamfutar ta farfaɗo ta biya bashin dannawar gaba ɗaya: jajayen kibiyoyi suka fito kafin shuɗɗa, sunaye suka kumbura kan juna, shafi ya kife, wani ya kife a bayansa, har sai da aka tsaya a kan silaid na ƙarshe mai cewa a yi aikin gida.

Ya buɗe baki don ya ce su yi shiru, kamar yadda ya saba. Raɗa ta fito, tari ya biyo ta, mai tsawo, har ya dafa tebur. Dariyar ta ɗauke ɗif. Ba wanda ya motsa. Ya ɗago ya ga idanunsu, sai ya ji gara dariyar. Wasu sun sunkuyar da kai, shugaban aji ya miƙe yana neman ruwa. A baya, Firinsifal ya fara tattara takardunsa.

Sai wata yarinya a layi na biyu ta ɗaga hannu. Ba mai yawan magana ba ce, bai ma taɓa jin ta yi tambaya ba.

“Malam, don Allah a koma kan hoton. Ƙanena an ce an haife shi da rami a zuciya. In ya yi kuka sosai leɓɓansa sai su yi duhu. A ina ramin yake?”

Malam ya kurɓi ruwan da aka miƙo masa. Ya dubi allon, ya dubi yarinyar. Ya fita daga wurin nunawa, ya koma wurin gyara, inda komai ke tsaye ba motsi. Ya buɗe sabon silaid, ya kwafo hoton zuciyar shi kaɗai, ya ja kujera ya zauna. Ya fara rubutu a gefen hoton, baƙaƙen na fitowa a bango ɗaya-ɗaya, ajin na bin su da ido.

“Ni ba likitansa ba ne, kuma ramukan iri-iri ne. Amma mu duba ɗaya.”

Ya zana ɗan farin da'ira a kan bangon da ya raba ɗakunan ƙasa biyu. Ya ɗauko shuɗiyar kibiya da linzami, ya ja ta a hankali har bakin da'irar, ya tsaya nan. Ya rubuta: “Wannan jinin ya je huhu?”

“Bai je ba,” in ji wasu.

“In ya tsallaka ta nan fa, ina za shi?” Ya ɗauke hannu daga madannan kwamfutar, ya juyo ya kalle su, ya jira. Wani dogo a baya ya ce, “Cikin jiki.” Malam ya karkatar da kai.

“Saboda ɓangaren hagu shi ke tura jini cikin jiki,” in ji dogon. “To zai tafi ba iska a cikinsa.”

“Shi ya sa leɓɓansa ke yin duhu,” yarinyar ta faɗa, kusan da kanta take.

Ya ja kibiyar ta tsallaka. Ya rubuta cewa likitoci na iya gyara da yawa daga irin waɗannan ramukan, ta tambayi likitan ƙanen nata wane iri ne nasa, ta zo ta faɗa wa aji in iyayenta sun yarda. Hannaye suka tashi ta ko'ina. Yana rubutu da yatsa biyu, yana kuskure yana gogewa, suna karantawa da ƙarfi kafin ya ƙarasa jimla. Aka kaɗa ƙararrawa ana tsakiyar gardama kan ko kifi ma ɗaki huɗu ne a zuciyarsa.

Firinsifal ya jira kowa ya fita.

“Rabin farko, Malam, na so ƙasa ta tsage in shige. Rabin ƙarshe kuma na manta abin da ya kawo ni.” Ya yi ajiyar zuciya. “Gaskiya ba zan iya ba ka duk azuzuwanka ba. Ɗakin nan ɗaya ne, kowa na layi. Ka riƙe 'yan aji biyar. Sauran lokacin ɗakin karatu. Abin da zan iya ke nan.”

Malam ya daɗe yana kallon ƙamus ɗin da ke ƙarƙashin majigi. Ba haka ya so ba. Ya gyaɗa kai.

A bakin ƙofar makaranta ya kunna wayarsa. Saƙonnin 'yarsa suka shigo a jere, tun na safe. “Abba, jerin silaid na uku ya hargitse, amsa na sama da tambaya. Ja ta ƙasa.” “Abba, don Allah duba.” “Ba zan iya taɓawa ba, ka rufe ni.” Na ƙarshe kuma bai daɗe da shigowa ba: “Ina kallon shafin daga ofis. Na ga lokacin da ka fara rubutu. Na karanta duka. Sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.”

Da ya isa gida matarsa ta tarye shi a ƙofar falo. Ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta karɓi jakarsa, ta zauna kusa da shi, ta kawo kunnenta dab da bakinsa. Ya ba ta labarin da raɗa, guntu-guntu, yana hutawa. Sau da yawa ta san kalmar da yake nema, ya ga leɓɓanta na motsi, amma ta bar shi ya kai da kansa. Da ya zo kan amsar da ta riga tambaya, dariya ta ƙwace mata, shi ma kafaɗunsa suka kama rawa.

Bayan la'asar ya buɗe laftop ya mayar wa 'yarsa izininta. Ba a jima ba alamar ruwan hoda ta bayyana a kusurwa, ta tsaya cak ba ta taɓa komai ba. Uwar ta kira ta, ta jingina wayar.

“Abba, ka yi haƙuri. Da na tambaye ka.”

Ya rubuta: “Juyin fanka ke ce da gaskiya. Na ji kunya yau.”

“Ban so ka ji ba.”

“Amma kibiya ba za ta fito da kanta ba. Sai na ga fuskokinsu tukuna. Wani ajin yana ganewa nan take, wani sai an jira shi. Kwamfuta ba ta san wannan ba.”

“Ni a wurin aikinmu so ake a gama da wuri a tashi. Ban yi tunanin jiran ba.”

Suka bi darasin daga farko. Ta nuna masa yadda ake kama motsi a cikin jeri a ja shi sama ko ƙasa, da inda ake duba tsofaffin kwafin aiki, wanda da ya sani da bai ɓata yinin Talata ba. Ya dafe kai da ya gani. Ta ce ya riƙa gwada darasi tun daga farko har ƙarshe a kwamfutar makaranta kafin yara su shigo. Suka cire juyi da kifewar shafi, suka bar komai yana bayyana a hankali, kowane abu na jiran dannawarsa. A kan abu ɗaya ya kafe: kalmar huhu sai ta kumbura.

“Abba...”

“Huhu ai kumbura yake yi,” ya rubuta.

“To, na ba ka wannan.”

Haka zangon ya ci gaba. Da safe yana ɗakin karatu yana jera littattafai yana harar masu ninke shafi. Aikin bai taɓa kwanta masa a rai ba, wani lokaci in ya jiyo muryar sabon malamin da aka ba sauran azuzuwansa ta taga, sai ya tashi ya rufe tagar. Amma ranakun da yake da aji biyar, tun da wuri yake zuwa ɗakin kwamfuta. A ƙarshen kowane darasi yana barin silaid guda fari, don tambayar da bai shirya mata ba. Yarinyar layi na biyu ta dawo da sunan ciwon ƙanenta a rubuce a tafin hannu, aka yi rabin darasi a kansa.

Da manhaja ta kawo su kan numfashi da yadda murya ke fita, malamar kwamfuta ta ce in yana so ta nemo wanda zai karɓar masa wannan. Ya ce a'a da kai.

Ya sa hoton maƙogwaro a bango. Ya danna, wasu siraran layuka biyu suka bayyana a tsakiya, a buɗe. Ya danna, suka matso juna. Ya rubuta cewa iska ce ke bi ta tsakaninsu ta kaɗa su, kaɗawar ita ce murya. Ajin ya yi shiru irin na mutanen da ke son tambaya suna jin nauyi. Ya taɓa tabon da ke wuyansa, ya rubuta: “Nawa an taɓa su wurin aiki, ba sa haɗuwa sosai. Naku lafiya lau. Kowa ya ɗora yatsa biyu a wuyansa ya ce mmm.”

Suka fara a ɗarare. Ya ɗaga hannu sama, sautin ya tashi. Ya sauke, ya yi ƙasa. Dogon baya ya saki wata murya kamar injin niƙa, 'yan mata suka ɗauki siririya, kowa yatsa a wuya yana zaro ido yana jin abin na rawa a ƙarƙashin fata. Malam na tsaye a gaba yana kaɗa hannu biyu, ɗakin duk ya ɗauka.

Aka turo ƙofa. Malamin lissafi ne daga ajin da ke maƙwabtaka, alli a hannu, fuska a haɗe.

“Haba Malam! Gwaji muke yi a can. Ajinka ya hana kowa sakat, don Allah a rage surutu.”

Malam ya dafa ƙirji alamar ban haƙuri. Ya jira ƙofar ta rufe, ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe, sannan ya danna aka shiga silaid na gaba.